Abin da Aka Shafa wa Sarkin Susa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara rufa asiri, ya raba mu da ciwon da ke hana ido runtsawa, ya kawo wa 'yata Aku sauƙi na kusa ba na nesa ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta warware daga ciwon gwiwar nan, har ta koma halinta na bin kowa da faɗa a tsakar gida, kin kuwa san wannan ita ce alamar lafiyarta, ran da ta yi shiru ne ake neman mota. Kawu ya sa sababbin haƙora, yanzu ko gaishe shi aka yi sai ya yi dariya don a gani. Maigidana yana nan yana fama da ɗalibansa. Ya ce in gaishe ki da kyau, in kuma shaida miki babu ruwansa a rigimarmu, wai tsakanin ya da ƙanwa shi ɗan kallo ne.

Saƙonki na murya ya iso, na saurare shi har na haddace wuraren da kika tsaya kika ja numfashi. Da gangan na ƙi mayar miki ta waya, don na san halinmu: ke ki ɗaga murya, ni in ɗaga tawa, a rabu ba a faɗi abin kirki ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum. Na ji duk abin da kika ce. Kircin Aku ya bar lanƙwasar hannu ya kama bayan gwiwa da wuya, kullum safiya sai kin tarar da ɗigon jini a zanen gado. Maƙwabta sun fara janye 'ya'yansu in ta fito wasa. Shugabar makarantar da za a sa ta ta kalli wuyanta ta ce sai fatar ta warke za su karɓe ta, ga shi an kusa buɗewa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da kika ce yarinyar nan da muka raɗa wa Aku saboda bakinta ba ya hutawa, yanzu sai ta wuni a bayan ƙofa hannayenta cikin riga, ba ta ce wa kowa uffan. Daga nan kika ce in ɗebo miki abin da aka shafa wa ɓeran nan na cikin hoton da na turo miki, ko da cikin murfin kwalba ne, in kuma ƙunshi ya iso babu shi, to kada in ƙara kiranki Yaya.

Gaskiya ɗaci gare ta, gara in fara da ita. Sabon maganin da muke gwadawa ba ya cikin ƙunshin da direba zai miƙa miki, ba kuma zai zo a na gaba ba. Na san yanzu kin ja tsaki kin ce dama kin sani, boko ya cinye mini imani. Ja tsakinki, amma kada ki yaga takardar, kada kuma ki kwance ƙunshin tukuna. Ki zauna a kujerarki ta bakin taga ki karanta har ƙarshe, don hoton nan yana da labarin da ba ki sani ba, ni kaina ban san shi ba a ranar da na tura miki.

Kin daɗe kina kirana Uwar Ɓeraye, amma ban taɓa samun gaya miki abin da nake yi da su ba, don da na ɗauko zancen sai ki ɗage ƙafafu sama kamar ɗaya zai fito daga ƙarƙashin kujera. Ɗakinsu yana can ƙarshen baranda a wurin aikinmu. Ba shi da taga, sanyinsa ɗaya ne kullum, fitila tana kunna kanta da safe ta kashe kanta da yamma. Kafin in shiga sai na sa farar riga da hula da takunkumi da safar hannu, kai, har takalmi ma sai an sa masa riga. Ba wai don kada su shafa mini cuta ba, a'a, don kada ni in shafa musu. Inna da ta ji haka ta riƙe baki ta ce duniya ta zo ƙarshe, ɓeran da take tarba da muciya shi ne yau 'yarta take yi wa kwalliya kafin ta shiga gaishe shi. Farare ne ƙal, 'yan ƙanana, ba irin ƙattin nan na bayan buhu ba. Suna zaune cikin akwatunan roba masu haske a jere kan kanta, an shimfiɗa musu dusar katako, ga abinci ga ruwa. Kunnuwansu sirara ne ƙwarai, in kika ɗaga ɗaya saitin fitila kina hango jijiyoyin jini a ciki.

A kan kunnen nan aikinmu yake. Akwai wani sinadari da muke ɗiga musu kaɗan, don jiki ya gan shi ya shaida shi. Bayan wasu kwanaki sai mu sake ɗigawa, to a nan ne hankalin jikin yake tashi. Garkuwar jiki, wadda aikinta korar cuta, sai ta ɗauki abin da bai kai ya kawo ba ta mai da shi babban maƙiyi, ta turo rundunarta wurin. Kunne ya yi ja, ya kumbura, ya bushe ya fara ɓarewa, ɓera ya kama susa ba ji ba gani. Kusan abin da ke faruwa a fatar Aku ke nan, shi ya sa nake ta nanata miki ba ƙazanta ba ce, ba kuma cutar da ake ɗauka ba ce. Masu gadin gidan ne suka cika zafin kai, suna dukan baƙo suna haɗawa da ɗan gida. Sabon maganin da Farfesa, shugaban sashenmu, ya yi shekara da shekaru yana bi, aikinsa shi ne ya sanyaya masu gadin nan. Ni kuma nawa aikin in shafa, in auna kaurin kunne da wani ɗan ma'auni mai baki kamar hantsaki, in ɗora kowane ɗaya a sikeli, in miƙa wa Farfesa abin da na samu a ranar. Ba zan ɓoye miki ba, ɗiga musu abin nan bai taɓa yi mini daɗi ba. Sauƙinta, akwai likitan dabbobi da ke zagayawa, in ya ga wahala ta yi wa ɗaya yawa yana da ikon tsayar da mu, ko Farfesa bai isa ya musa masa ba.

Ga inda nake so ki buɗe kunne. Ba duk ɓerayen ake shafa wa magani ba. Gida biyu ake raba su, rabi a shafa musu man da aka cuɗa da magani, rabi a shafa musu mai zalla, ba komai a cikinsa. Ni mai shafawa kuwa ba a yarda in san wanne ne wanne ba. Akwai abokiyar aikina da muke kira Mai-haɗi, ita ke cuɗawa a nata ɗakin, ta kawo mini kwalabe biyu iri ɗaya sak, launi ɗaya, ba ƙamshi, an ɗaura wa ɗaya koren zare a wuya, ɗaya kuma shuɗi. Kowane akwati da launinsa. Matar nan akwai surutu, za ta gaya miki abin da surukarta ta ce da abin da ita ta mayar mata da abin da ta so ta ƙara, amma a kan zaren nan ko yanka ta za ki yi ba ta buɗe baki sai ranar da aka gama. Da farko abin ya ba ni haushi, na ga kamar raini ne. Farfesa ya ce mini ba rashin yarda ba ne, shi ma kansa ba a gaya masa. Wai hannu bin zuciya yake yi, wanda ya san wannan kunnen ne ya sha magani zai ɗan ƙara matse ma'auni bai ma san ya yi ba. Na amsa masa da to, a raina kuwa na ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Doka ce a ɗakin nan ba a raɗa wa ɓera suna, lamba ce kawai a wutsiya. Ni kuwa na karya ta a zuci. Cikin 'yan koren zare akwai wani ɗan ƙarami da ya fi kowa shan wuya. Zai ɗaga ƙafar baya ya yi ta kartar bayan kunnensa har akwatin yana kaɗawa, ya tsaya ya kalle ni, ya sake komawa. A makon ne kuma kika turo mini bidiyon Aku tana goga gwiwar hannunta a gefen tebur don kin hana ta susa da farce. Wallahi Yaya, tun daga ranar in na kalli ɓeran nan ita nake gani. Na sa masa Sarkin Susa. Bai fasa ba sai da ya yi wa kansa gyambo a bayan kunne. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce a yi masa abin da aka saba, wato a rage masa faratan ƙafar baya. Shi ya riƙe, ni na bi da ɗan almakashi na datse tsinin kowanne. Yana riƙe da shi yana gaya mini cewa farce ne ke ciyar da irin wannan ciwo: ƙaiƙayi ya kira susa, susa ta fasa fata, fasasshiyar fata ta sake kiran ƙaiƙayi, a yi ta zagaye ba ranar fita. Na ci gaba da shafa masa man koren zare safe da yamma ba fashi, har ranakun hutu nakan shigo mota in zo saboda su. Gyambon ya bushe, ɓawon ya faɗi, gashi ya tsiro, kunne ya dawo lumus. Ɗan banza har ƙiba ya yi.

'Yan shuɗin zare kuwa na lura suna ramewa, sun yi laushi, susar ma ba su cika yi ba, na ce a raina Allah sarki, waɗannan su ne aka hana magani, ciwo ya ci ƙarfinsu. Lissafi ya fita ke nan a wurina. Murna ta ɗebe ni na haɗa hoton Sarkin Susa na da da na yanzu na tura miki, na rubuta a ƙasa cewa maganinmu ya yi aiki. Ban yi don in tayar miki da hankali ba, so nake ki ga akwai haske a gaba. Har Mai-haɗi na tare a baranda na ce mata ta ci gaba da riƙe sirrinta, ni dai na riga na san kore ne. Ko gezau ba ta yi ba, ta ɗauko mini labarin surukarta daga inda ta tsaya jiya.

Ranar da aka gama muka taru da safe a ofishin Farfesa, fanka tana juyawa, kowa da kofin shayinsa. Ya dubi Mai-haɗi ya ce to, a faɗa. Ta miƙe ta gyara ɗankwali, ta kalle ni ta gefen ido, ta ce shuɗi ne magani, kore mai ne zalla. Yaya, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Sarkin Susa bai taɓa ganin ƙwayar maganin nan ba, ko sau ɗaya. Mai-haɗi ta yi dariya har da hawaye, ta ce tun ranar da na tare ta a baranda cikinta ke ciwo saboda riƙe dariya. Farfesa shi bai yi dariya ba. Ya ce a kowane gwaji akan samu waɗanda fatarsu ke gyara kanta in an hana ta bushewa an kuma hana a yage ta, ya ce tun ranar da aka datse wa wancan farce ya cire shi daga ƙidaya, don an yi masa abin da ba a yi wa sauran ba. Ya ɗaga zaren nan biyu ya ce ga amfaninsu na gani yau.

Ki duba fa. Ni ce na yi karatun, ni ce ke riƙe ɓeran a tafin hannuna safe da yamma, amma so ya rufe mini ido na ga magani a inda babu shi. To ke da kike wanke jinin 'yar cikinki a zanen gado kullum, me zai hana ki ga magani a hoto? Ban ga laifinki ba ko kaɗan, ban kuma riƙe maganar da kika faɗa mini ba. Uwa ce ta yi magana.

Kada kuma ki ɗauka aikin namu ya tashi a banza, ko alama. Da aka tattara awon gaba ɗaya, maganin ya yi aiki, aiki mai kyau kuwa. Kumburin kunnen 'yan shuɗin zare ya sauka sosai fiye da na 'yan kore, ƙarancin susar da na ɗauka rashin ƙarfi ne ashe ƙaiƙayin ne ya lafa, da aka duba fatar a madubin likita kuma aka tarar rundunar nan da ke taruwa ta watse. Farfesa da ba a cika ganin haƙoransa ba sai da ya aika aka sayo wa kowa lemo. Ina da yaƙini, in Allah ya yarda, wata rana abin nan ko ɗan'uwansa zai shiga kantin magani, yara irin Aku su huta, ni ma in ce da hannuna a ciki. Amma ramar nan da na gani ba ta ciwo ba ce, ta maganin ce, kuma ta fi kama ƙananan cikinsu. Waɗanda ke da ɗan ƙwarzane a jiki sun daɗe bai rufe ba, na wasu har ruwa ya yi. Dalili a fili yake, in ka kwantar da masu gadi, ɓarawo ma ya samu ƙofa. Yanzu ki tuna fatar Aku a buɗe take a wuya da bayan gwiwa. Babu wanda ya san adadin da ya dace da babban mutum a duk duniya, balle yarinya 'yar shekara biyar. Sai an gyara awon, an sake gwadawa, an gwada a manya da suka yarda da kansu likitoci na tsaye a kansu, yara su ne na ƙarshe a layi, kuma daidai ke nan. Garin gyaran gira ba za mu rasa ido ba.

Na san akwai masu ce miki tsoron kora ne ya hana ni. Haƙiƙa amana ce, ba nawa ba ne balle in ɗiba. Amma ki sani, da na tabbata zai warkar da ita babu illa, da na tsaya gaban Farfesa na roƙa har sai ya gaji da ganina, in ya so a kore ni. Ba aikina nake karewa ba, 'yata nake karewa. Ba zan mai da Aku ɓeran gwaji ba, ko da kuwa uwarta ce ta roƙe ni tana kuka.

Sai maganar man da kika ce Baban Aku ya sayo a kasuwa, wanda mai sayarwa ya rantse yana share fata cikin 'yan kwanaki, kika ce kin hana a buɗe sai ƙunshina ya iso. Allah ya yi miki albarka da kika hana. Don girman Allah ki ɗora shi can saman kabad inda hannu ba ya kai. Abin da ba a rubuta sunansa da abin da ke cikinsa ba, ba shi da wurin zama a jikin yaro. Irin waɗannan sau da yawa ƙaƙƙarfan magani ake zubawa a ciki ba awo, fata ta yi kyau har a yi ta sa albarka, daga baya ta yi siriri, ran da aka daina kuma ciwon ya dawo da 'yan rakiya. Ki gaya wa Baban Aku ba raina ƙoƙarinsa na yi ba, na san ganin 'yarsa a haka ne ya kai shi. Kada ya jefar, ya ajiye mini, akwai wanda za mu nuna wa.

To, yanzu kwance ƙunshin. Kin ce in aiko miki da abin da aka shafa wa ɓeran cikin hoto, ni kuwa ban saba tsallake umarninki ba. Ga shi nan. Babbar robar nan mai ne zalla, ba ƙamshi ba launi, irin wanda Sarkin Susa ya sha, sai dai wannan na mutane ne, a kantin magani na saya. Ƙaramin abin da ke naɗe a takarda abin yanke farce ne na yara. Fararen safar hannun nan kuwa Inna ce ta ɗinka da hannunta daga yadin auduga mai laushi, tana ɗinki tana mita wai a tsufanta ɓera ya zama malaminta. Ki yi wa Aku wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, kada a daɗe, ki raba ta da sabulu mai ƙamshi da soso. Kada ki goge ta da tawul, dannawa za ki yi a hankali, tun jikin da sauran danshi ki shafa man ko'ina, ki cika hannu, ba irin shafar ƙeta ba. Safe da yamma, ba fashi, ko ranar da kika ga ta yi kyau. Farce a yanke shi ƙasa a goge tsininsa, safa a sa mata in za ta kwanta. Kayan sawa na auduga, a ɗauraye su sosai kada sabulun wanki ya saura. In ta yi susa kada ki daka mata tsawa, ba da gangan take yi ba, ki ɗora tafin hannunki a wurin ki ɗan danna. In kuwa kika ga wani wuri yana ruwa, ko jikinta ya yi zafi, kada ki jira kowa, ki kai ta asibiti a ranar.

Ba na yi miki alkawarin wannan kaɗai zai warkar da ita. Na riga na yi saurin baki sau ɗaya na ji kunya a gaban mutane, ba zan ƙara ba. Aku ba ɓera ba ce, kuma mai yiwuwa ne tana buƙatar magani na gaske. Akwai su, waɗanda aka daɗe da gwadawa, aka san awonsu a jikin yara, likitan fata ne ke rubuta su ya kuma faɗi ranar dainawa. Wannan ƙofar za mu bi, na kuma tabbata za mu ga sauƙi. Na ga yadda fata take in an ba ta dama, na gani da idona, wannan karon kuma an auna an tabbatar mini.

Na ce za mu bi, don ba aike zan yi ba, zuwa zan yi. Zumunta a ƙafa take. Na nemi hutu, Farfesa ya ɗan yi gunaguni wai ga rubutun sakamako a gabanmu, na ce masa rubutu zai jira, makaranta ba za ta jira ba, ya sa hannu. Mai-haɗi za ta riƙe mini ɗakin, ta ce in gaya miki ta ɗauki nauyin gaishe da Sarkin Susa kullum. Shi an bar shi, tunda ya fita daga ƙidaya, yanzu da shi ake koya wa sababbin ɗalibai yadda ake riƙe ɓera, yana nan yana cin abincinsa hankali kwance. Zan iso kafin a buɗe makaranta. Mu kai Aku wurin likitan fata, mu tafi da man kasuwar nan ya gani, mu karɓo shaidarsa cewa abin ba ya yaɗuwa. Daga nan mu wuce ofishin shugabar makaranta, ni in yi magana, ke ki riƙe mini gefen mayafi in kin ga ina neman wuce gona da iri. Maƙwabtan nan ma ina so su gan ni zaune a ƙofar gida da yarinyar a cinyata. Hannun nan nawa ya koyi shafa mai a kunnen da bai kai ɓawon albasa kauri ba, ba tare da mai kunnen ya ji zafi ba. In bai yi wa 'yata amfani ba, ban ga ranar karatun ba. Ki gaya mata ina tafe da labarin wani ɓera mai taurin kai, amma ba kyauta ba ne, in na ba ta sai ta maimaita mini da bakinta tun daga farko.

Ki gaishe mini da Baban Aku da kyau da kyau. Ki gaishe da yayyenta, Babba da Ƙarami, ki ce musu na ji labarin wanda ke tsokanarta da wuyanta, ina zuwa da kunnensa zan fara. Ki gaishe da Goggo in kin leƙa, da maƙwabciyarki mai ɗinki da ba ta janye nata 'ya'yan ba, Allah ya saka mata da alheri. Inna tana gaishe ku, Kawu ma haka, da maigidana ɗan kallo.

Batun kada in ƙara kiranki Yaya kuwa, na kai ƙara wurin Inna, ta ce ba ke kika ba kanki sunan ba balle ki karɓe, ita ta haife ki kafin ni, mai ja ya zo ya same ta. In na iso kika ga dama ki ƙi amsa sallamata, ba komai, zan shigo. Ki dai miƙo mini hannun yarinyar.

Wassalam. Taki har kullum,
ƙanwarki, Uwar Ɓeraye.